Ranar da Na Zare Hannun Injin Niƙa

Ranar da aka fara gwada injin niƙan gyaɗa a garinmu, ga waɗanda ke tsakar gidan maigari. Akwai matar maigari, wadda muka taso tare tun muna 'yan mata muna jan guga a rijiya ɗaya. Akwai matar maƙeri, Babarbariya ce ta wajen kakanni, baki kamar reza. Akwai Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Gafasa, ba ta cikin gayyarmu amma ba a yin komai ba ta nan. Akwai facaloli biyu na gidan sarkin noma, waɗanda in ɗaya ta yi dariya sai ɗayar ma ta yi, ko ba ta ji abin da aka ce ba. Sai ni. A zaure kuma akwai maigari, da malamin ƙungiyar gama kai da ya taho daga Gaya a kan keke, yana ba mu umarni ta bayan katanga tunda ba zai shigo cikin mata ba. Mutum ɗaya ce ba ta nan, matar alaramma, kuma a kanta aka yi abin da aka yi.

Garin namu ɗan ƙarami ne, in ka baro Kademi za ka Gaya sai ka ratse. Lokacin ana kan ganiyar noman gyaɗa, ba a canja kuɗi zuwa naira ba tukuna, fari bai zo ba. Maza suna da ƙungiyarsu, su tara gyaɗarsu wuri ɗaya a auna, mota ta zo ta kwasa. Ba laifi, ta yi musu rana, duk da dai rabinsu in hannu ya bushe kafin mota ta zo sai su zaga ta bayan gari su sayar wa 'yan baranda, ranar taro kuma su fi kowa ɗaga murya a kan amana.

Mu mata ba mu da ƙungiya mai suna, gayya muke yi, kuma mun girme ƙungiyar maza nesa ba kusa ba. Yadda take shi ne, kowace mace tana da ranarta. In ranarki ta zo, tun jiya kin soya gyaɗarki a kasko, kin murje, kin bakace. Da hantsi sai mu cika miki gida. Wasu su daka, wasu su niƙa a dutse har ta zama labu, wato ƙullun gyaɗa tun ba a fitar da mai ba. A zuba ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso, a matse, a mulmula tunkuzar a toya ƙuli-ƙuli. Man naki ne, ƙuli-ƙulin naki ne, ba mai ɗaukar ko ɗaya sai na ɗanɗano. Abin da ke kanki kawai ki ciyar da mu, ranar wata kuma ki je mata. Ni ce uwar gayya, ba don na fi kowa shekaru ba, don dai ni ce ba na jin kunyar cewa mace, "Ke, jiya ba ki yi juyi ba sai surutu."

Matar alaramma ita ce ƙaramarmu, 'yar garin Toranke ce. Mijinta yana kulle irin na gaske, ba ta leƙa ko zaure. Ba mugu ba ne, haka ya karanta, haka yake bi. Da ta zo garin na je na same shi, muka daidaita: mu za mu riƙa zuwa mata ranarta, ita kuma a madadin zuwa gidajenmu sai mu aika mata gyaɗa ta ɓare mana. Hannunta akwai sauri, ba wadda ta taɓa ƙorafi. Da ƙuli-ƙulin nan take sayen sabulunta da zanenta, kuma ranar gayyarta ce kaɗai take ganin fuskokin mata cike da gidanta. Tun da asuba za ka ji tana shara kamar mai jiran baƙi daga Makka.

To wata shekara sai ƙungiyar maza ta samu rara. Malamin nan na Gaya ya ba su shawara a saya wa mata injin niƙa na hannu, a rage musu wahalar dutse. Nufinsa alheri ne, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ba a tambaye mu ba. Ba a ce ina uwar gayya ba. Sai ji muka yi an kawo inji, an ɗaure shi da notuna a kan benci, an kafe ƙafafun bencin da siminti a gidan maigari. A lokacin ko masallacinmu ba shi da siminti.

Aka kira mu gwaji, kuma ranar ta zo daidai da jajiberin gayyar matar alaramma. Na biyo ta gidanta da safe na tarar ta gama suya, gyaɗa ta yi ja jawur a faifai. Ta ce, "Goggo, an ce an kawo inji. Gobe da shi za ku zo?" Na ce mata bari in je in gani.

Inji dai ga shi, baƙi, da baki a sama kamar mazurari. Muka tsaya muka zagaye shi kamar an ajiye mana kura. Malam daga zaure ya ɗaga murya, "A ɗauko hannun a saka a gefe! Akwai ƙusa, a zura ta a ramin!" Matar maƙeri ta saka, tunda ita ce ta saba da ƙarfe. Ni kuwa ina tsaye ina kallon inda ƙusar ta shiga.

"A zuba gyaɗa kaɗan kaɗan! A juya ta dama!"

Bafulatana ta ce, "Damar wa? Tamu ko tasa?"

Matar maƙeri ta ce, "Ke matsa can, baiwata. Ku da ko damar saniya ba ku sani ba sai kun zagaya ta."

"Ji Babarbariya! Yaushe kuka ga inji a Barno? Ku da kuke niƙa da haƙori."

Facaloli suka kwashe da dariya. Aka juya. Wallahi sai ga labu yana zubowa ta ƙasa, laushi kamar an kwana ana niƙa. Abin da mace biyu za su wuni a kansa a dutse, kafin ruwa ya tafasa an gama. Ƙaramar facalar ta rangaɗa guɗa, babbar ta karɓe. Ni ma na kama na juya, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa. Gwiwoyina sun daɗe suna kuka da dutsen niƙa. Injin nan ya yi mana shekaru, sai da haƙoransa suka cinye, aka nemi na canji har Kano aka rasa, lokacin kuma gyaɗar ma ta ja baya, malamin ya daina zuwa. Amma wannan daga baya ne.

Matar maigari ta kawo dambu da man gyaɗar da aka matse a take, muka zauna. Muna ci sai ta ce, "To daga yau an huta da yawo gida gida. Kowa ranarta ta kwaso gyaɗarta ta zo nan, a yi komai a nan."

Na ce, "Gobe fa?"

"Gobe me?"

"Gobe ranar yarinyar nan ce. Ta soya gyaɗarta."

Ta ce, "Sai ta aiko, mu niƙa mu mayar mata."

Na ce, "Wa zai juya mata? Wa zai matse? Labu in ya huce mai ba ya fita, kin sani. Ko mu yi mata duka a nan mu aika mata kamar sadaka? In aka yi haka sau ɗaya aka yi sau biyu, wata za ta ce me ya sa muke wahala wa wadda ba mu ci abincinta ba. Shi ke nan an fitar da ita ba tare da wani ya ce fita ba."

Matar maigari ta ce, "To ni na kulle ta? Siminti dai an riga an zuba."

Sauran suka ci gaba da tauna. Na san abin da ke ransu. Kowa ta ji daɗin inji, ba wadda ke son komawa dutse saboda 'yar Toranke. Na wanke hannuna, na tashi kamar zan duba tukunya, na zare ƙusar, na cire hannun injin, na naɗe shi a gefen zanena na ɗaure, na dawo na zauna a kansa.

Babbar facalar ce ta tashi za ta ƙarasa ragowar gyaɗa. Ta tsaya. Ta leƙa ƙarƙashin benci, ta ce wa matar maigari, "Yaya, ina hannun?"

Bafulatana, wadda ta ga komai, ta ce, "Inji ya zama kuturu."

Matar maigari ta dube ni. Ba ta tambayi kowa ba, ni ta duba, don ta san hali tun muna yara. Ta ce, "Ke dai ba za ki canja ba har a binne ki. Kawo."

Na ce, "Hannu na uwar gayya ne. Gobe yana gidan alaramma. In inji yana son hannunsa ya biyo shi."

Hayaniya ta kai zaure. Maigari ya yi gyaran murya ya ce lafiya? Matar maƙeri ta je bakin ƙofa ta rattaba musu, har da ƙari. Sai muka ji malam yana cewa, "Baba, ki yi haƙuri, ba a yin haka. Kayan ƙungiya ne. Dole ya zauna wuri ɗaya, in na zo dubawa in san inda yake."

Na matsa jikin katanga na ce, "Ɗan nan, sannu da zuwa, ya hanya? In ka zo ka tsaya a bakin gari ka shaƙi iska. Duk gidan da ka ji ƙamshin gyaɗa, injinka yana can."

Maigari ya yi dariya har da tari. Malam ya ce, "Amma Baba, tsarin da aka yi shi ne mata su taru wuri ɗaya."

Na ce, "Tun ba a haife ka ba muke taruwa wuri ɗaya. Wurin ne yake canjawa. Kun tambayi maza nawa ne rararsu, ba ku tambayi mata nawa ne ke iya fita ba."

Sai malam ya ce, a hankali, shi bai san akwai wadda ba ta fita ba. Na yarda da shi. Daga kan keke ba a ganin cikin gida.

Saura matar maigari. Ita ba mugunta ce da ita ba, amma mace ce da aka zuba wa siminti a tsakar gida, mata na zuwa daga unguwanni suna kallo. A ce yau a ɗauke inji a bar mata benci tsirara, ai da ciwo. Ta zauna ta haɗe rai tana kaɗe ƙuda daga akushi.

Bafulatana ce ta warware. Ta ce, "Ni fa ban ga abin faɗa ba. Saniya da safe tana fita kiwo, da yamma ta dawo garke. Wa ya taɓa cewa ta bar gida? Ku bar shi ya yi kiwo, ya dawo nan ya kwana."

Matar maƙeri ta ce, "Yau dai Fulani sun yi magana mai kai. A shafa wa ranar nan shuni." Ta ce notunan ba wani abu ba ne, maigidanta zai kwance su, ya ɗaure injin a kan katako mai kauri yadda za a iya ɗora shi a jaki, in an dawo da shi a aza a bencinsa.

Matar maigari ta ce, "Kullum a nan zai kwana?"

Na ce, "Kullum. Ke za ki goge shi, ke za ki rufe shi. Wadda ta dawo da shi da datti ki yi mata abin da kika iya."

Ta ɗan saki fuska. "To ba ni hannun in ajiye."

"Hannun dai a wurina zai kwana."

"Allah ya shirye ki," in ji ta, ta tura mini ragowar dambun. Maigari ya ce daga zaure shi bai ji komai ba, abin da mata suka yanke ya yanku, jakinsa ma yana nan. Malam ya ce to Allah ya sa alheri, amma don Allah kada a ya da ƙusar. Kafin la'asar maƙeri ya shigo da sallama, muka ja gefe, ya kwance notuna.

Washegari da na idar da salla na ɗaura zanena, na ɗauki hannun injin, na je gidan maigari na tsaya a kan maƙeri har ya ɗaure kayan a bayan jaki yadda nake so. Na wuce gaba, jaki na biye. Na tarar da alaramma a zaurensa, na gaishe shi, na ce masa baƙo muka kawo, na ƙarfe ne, ba namiji ba ne. Ya yi murmushi ya matsar da buzunsa. Yarinyar ta riga ta share gida, ruwa na kan wuta, ɗanwake na jira. Da matan suka taru na saka hannun, na zura ƙusar, na ce kowa ta ja baya. Na kamo hannun yarinyar na ɗora a kai, na ce, "Ranarki ce. Juya ta dama, kuma kada ki cika masa baki."