Takun Dogara Mai Awo

A shekarar 1981 na fara sanin Dogara, wata Asabar da la'asar, a filin ƙwallon da ke bayan ganuwa wajen Ƙofar Kibo. Kwanon toka ne a hannunsa, yana taku yana ƙirgawa, yana zana layukan fili. Dogo ne a lokacin, takunsa ɗaya yadi ɗaya cif. Wani malamin lissafi ya taɓa bin bayansa da ma'auni, ya naɗe abinsa ya ce ba a bukata.

Sana'arsa awon hatsi a kasuwar birni, kuma mata har daga Limancin Kona sukan aiko a ce mudun Dogara suke so. Bai taɓa buga ƙwallo ba. Da safe mudu, da yamma toka, wadda matarsa Ramatu ke tara masa daga murhun maƙwabta. Haka ya yi wa kulob ɗin unguwa, Zaratan Kibo, shekara arba'in da biyu.

Kakar 2023 ita ce mafi kyau da Zaratan suka taɓa gani. A gasar shiyya sun buga wasa goma sha huɗu: sun ci tara, kunnen doki uku, an ci su biyu. A gasar kofi kuwa sun kai wasan kusa da na ƙarshe, a gida, da Taurarin Kona. A minti na tamanin da uku aka ba Zaratan fenariti, kyaftin ɗinsu Suhaib ya zura, aka tashi ɗaya da nema.

Ana cikin murna sakataren Kona, Alhaji Nafi'u, ya shigo fili da tef ɗin magina. Ya auna daga layin raga zuwa ɗigon fenariti. Yadi goma da rabi ya samu, maimakon goma sha biyu.

"Baba Dogara, zo ka sake takawa mu gani," in ji shi.

Dogara ya ajiye kwano ya taka, yana ƙirgawa da ƙarfi. Na goma sha biyun ya sauka a kan ɗigon daidai. Ya ɗago kai da fara'a, a zatonsa ya wanke kansa. Sai ya ji dariya. A nan ya kalli ƙafafunsa. Shekara saba'in da ciwon gwiwa sun rage masa taku, bai sani ba.

"Ɓarawo da lissafinsa!" wani ya yi ihu. "Wanda ya ci yadi da rabi a gaban jama'a, me zai bar mana a mudu?"

Cikin kwana uku kwamitin gasa ya ba Kona wasan, ya kori Zaratan daga gasa shekara biyu. Mutum bakwai a kan kujeru, babu ɗayansu da ya taɓa zuwa duba filin nan, babu wanda ya taɓa miƙo wa tsoho igiyar awo, amma kowa ya sami bakin magana. 'Yan unguwa sun fi su muni. Waɗanda suka koyi ƙwallo a kan layukan tokarsa su ne suka daina gaishe shi a masallaci. Suhaib ya tare shi a ƙofar gida.

"Baba, shekara biyu! Na kai talatin da ɗaya, ka rufe mani ƙwallo ke nan."

Dogara bai yi barcin kirki ba a makon. Da kansa ya je wurin shugaban kwamiti. Shugaban ya karanta masa doka: in kuskure ne, na kulob ne, hukunci ya zauna, in kuwa mutum ɗaya ne ya yi da gangan ba da sanin kulob ba, shi kaɗai za a kora, har abada.

Daga can ya zo zaurena, inda nake rubuta wa 'yan unguwa takardu, don kwamitin ba ya karɓar takarda sai da Turanci.

"Malam Jumare, rubuta ka ce da gangan na yi."

"Ba na rubuta ƙarya, Dogara. Kai da mudu ne abincinka? In wannan ta fita kasuwa ka gama."

"Kasuwa ta riga ta yanke nata. Yaran nan fa? Ƙafata ce ta cinye masu kofi. Kofin ba zan iya dawo da shi ba, shekara biyun zan iya. Rubuta, alhakin a wuyana."

Layi shida ce takardar. Ya dangwala yatsa, ya sa na yi alkawarin yin shiru muddin yana raye.

Ranar 9 ga Janairu aka maido da Zaratan cikin gasa. Unguwa ta ce kwamiti ya yi adalci, har tawaga aka tura godiya. Sanarwar korar Dogara kuwa aka manna ta a bakin fili, kowa ya ce dama ya faɗa. Masu awo a wurinsa suka ragu har ya bar kasuwa. Ya rasu cikin azumin bana. Suhaib ya buga kaka biyu cur a bayan wannan takarda, kuma bai zo jana'iza ba.