Gashin da Ban Binne Ba

Aski gado ne a gidanmu. Kakana da zabirarsa ya sauko Tamale daga arewa, ubana ya karɓa, ni kuma na buɗe ɗan shago a Lamashegu, daidai inda 'yan yalo-yalo, masu keken haya mai ƙafa uku, ke tsayawa suna cika mana kunne da hon. Ina aski da inji kamar kowa, amma aska da ƙaho ban ajiye su ba. Akwai kuma abin da ubana ya dasa mini tun ina riƙe masa zabira: gashin mutum ba a zuba shi a shara. Kowace yamma nakan tattara na ranar in binne a bayan shago, don kada mai mugun nufi ya tsinci na wani ya yi masa aiki da shi. Samarin yanzu dariya suke mini. Su yi ta yi.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani Ba'indiye, mai gyaran injunan matse man kaɗe a wani kamfani ta wajen Sagnarigu. Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Wanzam. Hausarsa ta kasuwa ce, rabinta Turanci, amma muna gane juna. Ya san zancen binnewar nan, har ya taɓa leƙa ramin, ya gyaɗa kai, bai yi dariya ba.

Wata rana ya zauna a kujera, na ɗauko inji, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce ƙaho kawai zan kafa masa a baya, kai da gemu kuwa daga yau kada in taɓa.

Na ce, "Af, Injiniya, ka samo wanda ya fi ni ne?"

Ya ce, "A'a. Gashin ne ya tashi daga nawa."

Yana kife a benci, ƙahoni na jan bayansa, ya ba ni labarin. 'Yarsa ɗaya tilo a can gida ta yi ciwon da kowa ya cire rai. Shi yana nan, ba abin da zai iya, sai ya yi alwashi: in ta tashi, zai kai gashinsa wani ɗakin ibada da ke kan dutse a kudancin ƙasarsu. Yarinya ta tashi. Ya ce dutsen da ƙafa ake hawa, ba takalmi, matakala dubbai. In ka kai sama a aske ka ƙwal, namiji ko mace, ka yi wanka, sannan ka bi layi, wani lokaci yini guda, don ka tsaya gaban abin bautarsu na ƙiftawar ido kafin masu tsaro su tura ka gaba.

Na ce, "Duk wannan wahala a kan gashi? Me zai yi da shi?"

Ya ce, "Wanzam, kai ka fi kowa sani. Mutum nawa ke tashi daga kujerarka bai juya kai a madubi ba? Wannan juyawar muke ajiye masa a can. In ana saukowa, ba ka gane mai mota da mai tura baro."

Ni Musulmi ne, alwashi a wurina na Allah ne shi kaɗai. Na faɗa masa haka sau ɗaya, ya ce ya ji, ba mu sake komawa kan zancen ba. Ya ci gaba da zuwa ƙaho. Shekara huɗu yana neman hutun da zai ishe shi tafiyar, kullum sai inji ya lalace ko kakar kaɗanya ta shigo. Gashi ya sauko har kafaɗa, yana ɗaure shi da roba, matan da ke sayar da koko a gefena suka raɗa masa Rasta. Ya ce kullum da safe in yana tajewa, 'yarsa yake tunawa.

Ranar wata Talata da hantsi manajansu ya turo mota a ɗauke ni. Shi ma Ba'indiye ne, amma ɗan arewacin ƙasarsu, mutum mai sauri. A hanya direba ya gaya mini Injiniya ya faɗi a wurin aiki makonni da suka wuce, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya tafi. Na same shi kwance a ɗakinsa, ya rame. Manaja ya ce kwanciya ta sa ƙeyarsa ta yi gyambo, likita ya ce a aske.

Na ce, "Masta, gashin nan na alwashi ne fa."

Ya ce ya sani, al'adar mutanen kudu ce, amma kai na ruɓewa. In ba zan yi ba ya kira wani. Na ɗaga gashin na duba. Gaskiyarsa ne, har wari ya fara.

Na yi bismilla na sa aska. Ban taɓa aski mai nauyin wannan ba. Hawaye na gangaro wa Injiniya har cikin kunne, ni kuwa ina bi a hankali ina kauce wa gyambon. Da na gama na tsince gashin kaf, har wanda ya maƙale a matashi, na ƙulle a farin ƙyalle na jefa a zabira. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Nan take Injiniya ya fara wani gurnani, yana dukan katifa da hannun hagu, idonsa a kan zabirar. Manaja ya ce zafin gyambo ne. Ni na san ba shi ba ne. Ya ɗauka binnewa zan yi.

Da a ce na ciro ƙullin na tura masa ƙarƙashin matashi, da shi ke nan. Ko in sunkuya in ce masa ba zan binne ba. Amma a tsayen nan zuciyata ta ce, in ka miƙa, da hannunka ka aika wa gunki hadaya. Sai na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Injiniya," na rataya zabira na fita.

Da yamma na binne na ranar, nasa na kasa. Kwana uku ina juya abin. Ban tambayi malami ba, don na san raina ba fatawa yake nema ba, dalilin ƙin mayar masa da gashin yake nema. A na huɗu, bayan sallar asuba, na ce wa kaina kai banza, wa ya naɗa ka alƙali? Gashi nasa ne, amana ce a hannunka, inda zai kai shi tsakaninsa da wanda ya halicce shi. Na hau moto sai Sagnarigu.

Maigadi, wani dattijo Badagombe, ɗan asalin garin, ya buɗe mini ƙaramar ƙofa. Ya ce ai jiya jirgin safe ya ɗauke Injiniya, an mayar da shi gida. Na nemi manaja a ofis, ya ɗaga hannu biyu ya ce shi ba ya ɗaukar gashin wani a jakarsa, in dawo wani mako ya nemo mini adireshi. Na koma sau biyu ban same shi ba, na uku aka ce an canza masa ƙasa.

Ƙullin yana nan a saman kabad ɗin shago. Duk Ba'indiyen da ya zauna a kujerata sai na tambaye shi ɗan wane yanki ne. Biyu sun ce kudu, na nuna musu, suka karɓa da hannu biyu suka duba, suka mayar mini, suka ce alwashin wani ba a ɗauka sai da izininsa.

Ban san ko yana raye ba. Na dai san ya bar garin nan yana ganin mutum ɗaya da ya faɗa wa sirrinsa ne ya lalata masa alwashi, yana kallo, ba bakin hanawa. Wannan yana cin raina, kuma ba wanda zan ɗora wa laifin.