Gyaren da Ke Bangon Hajiya

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin da aka tura ni unguwar Abu Hail a nan Dubai in kafa cajar mota ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kuna yawan tambaya, me ya sa in na gama haɗa waya nake cewa kowa ya yi shiru. Wasunku har dariya suke, wai Baba Sale zai yi hira da bango. To ga dalilin, bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Ni dai ban yi boko mai nisa ba. Firamare na gama, aka kai ni wajen wani mai wayarin a Fagge, a hannunsa na koyi sana'a. Takardar gwajin sana'a ce kaɗai gare ni, da ita na zo Dubai, kamfaninmu ya ɗauke ni a matsayin mai aikin hannu. Sama da ni akwai injiniya, shi ke zana aiki, shi ke sa hannu in an gama. Ni ba mai yawo ba ne. Daga wajen aiki sai ɗakinmu a Satwa, in ɗora tukunya, in kira uwargida a waya mu yi ta hira har miya ta nuna. Abu ɗaya Allah ya ba ni da nake alfahari da shi, kunne. In na shiga gida, kafin in ajiye jaka na san wace fanka ce ta gaji.

Saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba, bari in ɗan yi bayani. Motar lantarki ana cajin ta a gida ta hanya biyu. Akwai ƙaramar igiyar da ke zuwa da motar, wadda ake sokawa a soket irin na ɗaki. Tana ja a hankali, sai mota ta wuni ta kwana ba ta cika ba. Akwai kuma cajar bango, akwati ne da ake kafawa a gareji. Ta gida da aka fi sawa tana jan amfiya talatin da biyu, wato kusan ninki uku na abin da ƙaramar igiyar ke ja, kuma awa da awanni ba tsayawa. Shi ya sa dole a ba ta layinta ita kaɗai tun daga akwatin wutar gida, da waya mai kauri, da birekarta, wato makunnin da ke faɗuwa in kaya ya yi yawa, da na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba ƙasa. Kafin nan kuma sai mai gidan haya ya yarda, takardu sun bi ta hukumar wuta.

Gidan da aka tura mu na Alhaji Mamman ne, mutumin Kano mai harkar kago, wato jigilar kaya, a kasuwar Deira. Tsohon gida ne yake haya, mahaifiyarsa Hajiya Inna na zaune a ɗakin ƙasa, wanda bango ɗaya ya raba shi da gareji. Wata biyu ke nan da ya sayi motar, yana cajin ta da ƙaramar igiya, ya gaji da jira.

Injiniyan da na bi shi ne Faruƙu, ɗan Zariya, yaro mai ladabi, mai kai. Tun kwana uku kafin nan ya zo ya duba gidan, ya tarar an riga an ja layi mai kauri daga akwatin wuta zuwa gareji, da birekarsa shi kaɗai. Ya duba wayar a bakin akwati, mil shida ce, wato kaurinta milimita shida. Ya duba a bakin gareji, mil shida ce. Sai ya rubuta cewa za a yi amfani da wannan layin, ba sai an ja sabo ba. Gaskiya ni ma da ni na duba, abin da zan rubuta ke nan.

Cikin Yuli ne, ana zafi mai dafa ƙwaƙwalwa, don haka muka fara da sassafe don mu gama kafin hutun tsakar rana. Na cire tsohon soket, na kafa caja, na canja bireka, na ɗaure komai tamau. Faruƙu ya ɗauko mitocinsa ya gwada. Wuta daidai, wayar ƙasa daidai, babu inda take zuba. Ya sa hannu a takarda. Alhaji ya matso da motarsa, aka soka mata igiya, fitila ta yi kore.

"Kalas! An gama!" in ji Alhaji yana tafa hannu. "Malam Sale, Allah ya yi albarka. Ku shigo ku sha ruwa."

Na ce su shiga, ina zuwa. Al'adata ce in mota ta fara ja, sai na tsaya da ita kamar minti ashirin. Na jingina da bango ina share gumi. Can sai na ji wani abu ƙasa-ƙasa, ba daga cajar ba, daga cikin bangon. Cir-cir-cir, ya tsaya, ya sake. Na ɗauko sukudireba na dafa bakinta a bango, na kanga kunnena a ƙotar. Na san wannan kukan. Kukan haɗin waya ne da ya saki, wuta na tsallake tsakanin zare da zare.

Ban tsaya neman izini ba, na je na sauke bireka.

Alhaji ya fito da kofi a hannu. "A'a! Me ya faru kuma? Ko a nan ma an fara ɗauke wuta?"

"Alhaji, akwai haɗi a cikin bangon nan, kuma yana ci."

"Wane haɗi? Injiniya, ba ka gwada ba?"

Faruƙu ya sake ɗauko mita ya gwada a gabanmu, komai ya fito fes. Ya ja ni gefe.

"Baba Sale, ka san ina ganin girmanka. Amma na riga na sa hannu. Mita uku sun ce lafiya. In na koma ofis na ce an tsayar da aiki don ka ji ƙara, me zan rubuta?"

"Ka rubuta na ji ƙara."

"Babu wannan layin a fom, Baba."

Dokar kamfaninmu kun san ta. Mai aikin hannu in ya tsayar da aikin da injiniya ya sa wa hannu, ba tare da hujja ba, takardar gargaɗi ce a fayil ɗinsa. Ni kuma saura 'yan makonni a sabunta kwantiragina da bizata. Na tuna da wannan sarai. Amma na kalli bangon, na tuna wa ke kwana a bayansa.

Alhaji ya fara zafi. Gobe zai ɗauko baƙi daga filin jirgi, ya riga ya yi musu alkawarin sabuwar mota.

"Malam Sale, ni fa ba baƙon waya ba ne. Shekara nawa na yi ina sayar da kayan wuta a Sabon Gari kafin in san kago? Yalla, maza ka ɗaga birekar nan, ko in kira ogan naku."

"Alhaji, ga lambarsa a jikin motarmu. Amma hannuna ba zai ɗaga ta ba, sai in za ka bar ni in shiga ɗakin Hajiya. Minti biyar kawai."

Ya dube ni kamar na nemi ya ba ni makullin shagonsa. Sai ga muryar Hajiya daga taga.

"Mamman, wa ke son shigowa ne ake ta ja-in-ja? Ka bar shi ya shigo."

Na cire takalmi, na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana zaune a gado da carbi. Kan gadon a jikin bangon garejin yake, gefe ga kabad cike da atamfofi. Na roƙi a kashe esi, a kashe fanka, kowa ya yi shiru. Na ce wa Faruƙu ya je ya ɗaga bireka, ya tsaya a wurin hannunsa a kai, in na yi kira ya sauke.

Minti ɗaya, biyu, shiru. Alhaji har ya fara kallon agogo. Sai ga shi, cir-cir-cir.

Kafin in buɗe baki Hajiya ta ɗaga yatsa.

"Ga shi nan! Ga gyaren nan! Yau ma har ya ƙara murya."

"Hajiya, kin taɓa jin sa?"

"Ɗan nan, wata biyu ke nan ina fama. Duk sanda Mamman ya dawo kasuwa ya shigo da motar nan, sai gyare ya fara. Na faɗa, aka fesa maganin ƙwari sau biyu. Na sake faɗa, aka ce tsufa ne. Har asibiti suka kai ni aka leƙa mini kunne." Ta nuna wata 'yar kwalba a kan tebur. "Ga maganin can, safe da yamma ake ɗiga mini."

Na ƙwala wa Faruƙu kira ya sauke. Muka janye kabad. A bayanta, dab da kan gadon, akwai wani murfin roba da aka shafe da fenti har ya saje da bango. Na dafa shi da bayan hannu, da ɗumi. Na kwance sukurori, na ɗaga. Warin roba ƙonanniya ya bugi kowa. Wayoyi ne masu kauri, an fere bakinsu an murɗe su da filaya, an naɗe da baƙin salatif. Salatif ɗin ya narke ya zama gawayi, tagullar ta yi baƙi, bayan murfin ma ya fara lanƙwashewa. Ƙaramar igiya ce ta yi wannan ɓarnar a wata biyu. Yau kuma mun ɗora wa haɗin ninki uku, da niyyar mu tafi mu bar shi.

Faruƙu ya daɗe a tsugune yana kallo. Layin tsohon esi ne na ɗakin, wani ya ƙara masa tsawo ya huda bango ya kai shi gareji. Ta baki biyu in ka duba, waya ɗaya ce lafiyayya. Mita kuma 'yar wuta kaɗan take turawa, haɗin na ɗaukar ta ba gardama. Sai an ɗora masa kaya yake nuna halinsa.

Hajiya ta leƙo. "Inna lillahi! Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan a kaina?"

Na saci kallon Alhaji. Tun da na taɓa murfin fuskarsa ta sauya. Na gane. Sai na ce, "Hajiya, aikin gida ne, irin namu. Ni ma na yi irinsa a Kano ya fi a ƙirga."

Amma Alhaji ya cire hula ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafarta.

"Inna, ni ne. Ranar da aka kawo motar na yi shi da hannuna. Haka muke yi tun muna yara, ban taɓa ganin ya ba da matsala ba."

Ya juyo gare ni, muryarsa ta yi sanyi. "Malam Sale, gidanmu na Kano duk irin wannan haɗin ne. Shekara talatin, ko hayaƙi bai taɓa yi ba."

Na ce, "Alhaji, gidanku na Kano yaushe ya taɓa samun wuta awa goma a jere da kaya irin wannan a kai? Can kafin haɗi ya gama zafi an ɗauke, ya huce. Ɗauke wutar da muke zagi kullum, ita ke rufa mana asiri. Nan kuwa babu mai ɗaukewa. Kuma ƙwan fitila da rediyo daban, mota daban."

Hajiya ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ɗauki kwalbar maganin ta miƙa masa.

"Ungo, Mamman. Safe da yamma. Kai ne ba ka ji."

Faruƙu ne ya fara fashewa da dariya, sai ni, sai Alhaji yana dariya yana goge ido da hula.

A wurin Faruƙu ya soke sa hannunsa, ya ɗauki hotuna, ya kira ofis da bakinsa ya ce shi ya yi kuskuren amincewa da layin da bai bi shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matashin injiniya, kuma tun ranar nake ƙara ganin girmansa. Muka kashe tsohon layin gaba ɗaya, muka zare shi daga akwati. Ranar Asabar muka dawo muka ja sabo a cikin bututu, ta wajen gida, waya ɗaya tal daga akwati har caja, babu haɗi ko guda. Baƙin Alhaji kuwa a tasi aka ɗauko su, kuma ban ji an ce wani ya rame ba.

Da muka gama gwaji, Faruƙu ya riƙe biro bai sa hannu ba. Ya ce, "Baba Sale, saura taka mitar." Na je na saurara, shiru. Na ce a tambayi Hajiya. Ta kasa kunne ta taga, ta ce, "Gyare ya tashi." Sannan ya sa hannu.

Takardar gargaɗi ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne ƙarin layi biyu a fom ɗin da kuke cikewa yanzu: ba a ɗora caja a kan tsohon layi sai an ga kowane haɗi da ido, kuma ba a tafiya sai mota ta ja na rabin awa ana tsaye. In kuna ƙorafin wannan rabin awar, ni za ku zaga.

Abin da na koya ranar ba wai kunne ya fi mita ba ne. Ku riƙe mitocinku da kyau, ni ma ba na fita sai da tawa. Amma mita tana zuwa gida ta yi minti goma ta tafi, mutanen gidan kuwa a ciki suke kwana suna tashi. Wata biyu Hajiya Inna na ba da rahoton aikin nan daidai, babu wanda ya karɓa sai da na zo da rigar kamfani na maimaita. Shi ya sa yanzu in na shiga gida, kafin in buɗe akwatin wuta, sai in nemi wanda ya fi kowa zaman gida, in gaishe shi, in ce, "Akwai abin da kuke ji?"