Fistan mai tudu

Bayan rasuwar Baba mashin ɗinsa ya zauna a hannuna, don ni kaɗai na iya tuƙi a gidanmu. Ƙanin Baba, wanda muke kira Baba ƙarami, bai so ba. A gaban Mama ya ce ranar da na kashe injin nan zai zo ya ɗauka ya ba ɗansa. Na ce na ji.

Aikina da shi ɗaukar citta daga gona a Kagoma zuwa gida, wani lokaci har Kafanchan. Akwai wani hawa a hanyar gona. In na ɗora buhu biyu sai mashin ya yi ta kuka, dole in sauka in tura. Shekara guda ina haka. Na gaji, kafaɗuna sun gaji.

Na kai wa wani bakanike a Kafanchan. Ya ce fistan ya cinye. Ya nuna mini iri biyu, ɗaya kansa shafe irin na kamfani, ɗaya mai tudu, ya fi faɗi, na masu tsere.

"Oga, wanne zai hau tudu da buhu biyu?"

"Wannan. Amma Sista, yana da doka, kuma ban ga alamar haƙuri a fuskarki ba."

"Fuskata ka zo gyarawa? Sa shi."

Wuni na yi a kan benci. Aka kai bulok ɗin injin wajen masu bora suka faɗaɗa ramin fistan. Bakaniken ya gwada ringin fistan a ciki, ya goge bakinsa da fayil, ya sake gwadawa, har sau uku. Ya shafe fistan da baƙin mai, ya juya 'yar kibiyar da ke kansa ta kalli wajen salansa, sannan ya rufe. Da ya tayar, ƙarar ma ta canja.

Dokar ita ce sati biyu ba kaya, ba gudu, kuma fetur na gidan mai kawai, ban da na kwalba.

Kwana huɗu na bi. Ina tafiya kamar mai rakiyar gawa, masu keke na wuce ni. Rana ta biyar matan zumunta na cocinmu suka yi wa Mama gayyar tonon citta. A wurinmu in an yi miki gayya, su tona, kwasa taki ce, kuma ba a barin citta ta kwana a gona don ɓarayi. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "'Yata, mashin ɗin na ado ne?" Mata suka kwashe da dariya. Mama ta sunkuyar da kai.

Na ɗora buhu biyu. Sawu uku lafiya lau, ya haye tudun ban sauka ba, har na yi ihu ni kaɗai. Sai mai ya ƙare. Gidan mai na da nisa, na sayi kwalba ɗaya a bakin hanya. Na ji warin kananzir, na zuba duk da haka.

A sawu na huɗu, tsakiyar hawan, injin ya fara ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Na ƙara wuta. Ya ƙame, tayar baya ta ja ƙasa. Na taka kik, ko motsi.

Washegari aka kai mashin shago, bakaniken ya buɗe. Gefen fistan ya karce, ringi ya narke a jikinsa. Ya miƙo mini fistan kawai. Da ma zagina ya yi.

Kafin in koma gida labari ya isa. Baba ƙarami na zaune a tsakar gida, ya tanƙwashe ƙafa. Ban bari ya buɗe baki ba, na ajiye makulli a gabansa, na faɗa masa shagon da mashin yake.

Mama ba ta yi faɗa ba. Saura buhu shida da muka ɓoye a gidan wani kusa da gona. Da safe na fito na tarar ta naɗa gammo biyu, ta ɗauki ɗaya ta yi gaba.