Abokin Baba na Ingila

Wanda ya koya mini gyaran mota maƙeri ne tun asali. Babarbare ne haifaffen Fagge, kuma kowa a garejinmu Baba yake ce masa. Ya bar maƙera ya koma gyaran manyan motocin da ke kwasar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa, amma tunaninsa na maƙera ne har ya mutu. A wurinsa kowane ƙarfe akwai hannun da ya ƙera shi.

A jikin injin motocin nan akwai wani ɗan tambari, bai wuce girman farce ba. Baba ya ɗauka alamar maƙerin ce, kamar yadda shi ma a da yake yi wa fartanyarsa alama. Sai ya sa wa mutumin suna "abokina". In ya kwance inji ya ga aiki ya yi kyau, sai ya goge tambarin da tsumma ya ce abokinsa ba ya ha'inci. In noti ya ƙi kwancewa, ya ce ran nan abokinsa bai karya kumallo ba. Har Ibo masu sayar mana da kayan gyara a Sabon Gari sun san zancen, in sun gan shi sai su ce, "Baba, yaya abokinka?"

Ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, kamfanin Turawan da ke shigo da motocin ya ce zai kai makaniki ɗaya Ingila ya ga inda ake ƙera su. Ni aka zaɓa, don na yi elementare ina jin Turanci. Baba da ya fi shekara ashirin yana wannan aiki ko sunansa ba a ambata ba. Ba zan ɓoye ba, murna ta hana ni jin tausayinsa.

Ya rako ni har tasha. Jirgin Ikko na shirin tashi ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, in ka je ka nemi abokina. Ka ce wani maƙeri a Kano yana gaishe shi, yana yi masa sannu da aiki. Ka ce ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Abin da ya ce kuma ka riƙe mini shi."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." A jirgin ruwa na juya saƙon zuwa Turanci, na yi ta maimaitawa har na haddace.

Ranar da aka kai mu masana'antar ana yayyafi, sanyi kuma har cikin ƙashi. Mu goma sha wani abu ne daga ƙasashe daban-daban, kowa da kwat, ni ma da tawa ta aro. Wani Bature mai farar riga ya shige gaba yana yi mana bayani. Ginin ya fi Kantin Kwari girma, ƙara kuwa sai ka sa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka. Motoci na tafe a jere kan sarƙa, ba direba, mutane na tsaye gefe da gefe. Wani aikinsa ɗaura noti huɗu. Wani marfin ƙofa kaɗai ya sani, tun safe har a tashi.

Na tambayi jagoran namu wane ne yake ƙera injin. Ya yi dariya ya ce babu wani mutum ɗaya. Na ce to tambarin fa? Ya ja mu zuwa wata kusurwa. Wani tsoho ne a tsaye, siriri, gashi duk furfura, hannunsa a kan wani madanni. Inji ya iso gabansa, ya danna, tambari ya fito, injin ya wuce, wani ya iso.

Ya ɗago kai muka haɗa ido, har ya ɗan gyaɗa mini kai. Tsakaninmu bai fi taku uku ba, saƙon kuma yana bakina. Sai na dubi masu kwat ɗin nan, na ji kunya kada su ce ga baƙauye ya zo da gaisuwar ƙauye. Ban da kunyar, na raina mutumin. A raina na ce, wannan ne? Jagora ya duba agogo, muka wuce cin abinci.

Bayan wata biyu na dawo. Da hantsi na shiga gareji, aka taru a rumfa ana ta yi mini barka da zuwa. Kai ya kumbura, baki ya buɗe. Na ba da labarin sarƙa da noti huɗu, sannan na juya na ce, "Baba, abokin nan naka fa ba maƙeri ba ne. Wani tsoho ne kawai mai danna ƙarfe." Har da kwaikwayon yadda yake dannawa. Aka fashe da dariya.

Baba ya bari dariyar ta lafa. Ya ce, "Tsoho ne ka ce?"

Na ce, "Tsoho ne tukuf."

"A tsaye yake yini?"

"A tsaye."

"To ai shi ne. Allah sarki. Da ka gaishe shi me ya ce?"

Da ina da wayo da na ƙaga masa amsa, amma ban taɓa iya yi wa Baba ƙarya ba. Na sunkuyar da kai na ce ban samu dama ba. Ya dube ni, na kuma san ya gane damar ba ita ce ta gagara ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sannu da hanya," ya ɗauki sifanarsa ya koma ƙarƙashin mota.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mun ƙara shekara uku tare kafin Allah ya karɓi ransa. Ya ci gaba da koya mini aiki, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna, kullum kuma tare muke cin tuwon rana. Amma bai sake aikena ko'ina ba, ko sayen goro a bakin titi.