Unguwar da Za a Yanka Musu a Intanet

A shekarun da nake ƙasar waje ina wankin motoci a wani filin sayar da motoci a titin High Point, wanda yanzu ake kira Gate City Boulevard, mukan zauna bayan sallar Juma'a a shagon wani Malam ɗan Gana, mu ci shinkafa da wake. A nan maganar ta same ni.

Wani ɗan garinmu mai aikin kwamfuta ne ya kawo ta. Ya ce akwai hukumar da ke raba wa shafukan intanet suna, tana shirin ware wa masu fina-finan batsa nasu sunan dabam, yadda kowa ya gani zai gane. Ni karatuna a firamare ya tsaya, sai na fahimci abin da nawa hankalin: unguwa za a yanka musu, kamar yadda a gida ake tura gidajen giya wajen gari.

Alhaji, wanda shi ne babbanmu, ya ajiye cokali. "Duk abin da hukuma ta yanka wa fili, ta halatta shi ke nan," in ji shi. Ya ce 'yan coci ma sun tashi tsaye, don haka kowannenmu ya buga waya ofishin wakilin yankinmu a majalisa ya ce ba mu yarda ba. Na ji maganar ta shige ni.

Malam mai shago ya yi dariya. "Alhaji, ko bola ai wuri ake ware mata. In ka san ƙofa ka iya sa mata kwaɗo. Ko ka fi so a riƙa zubawa a tsakar gidanka?" Wannan ma ta shige ni.

"Malam, kai dai ƙara mana yaji, ka bar fatawa," Alhaji ya ce.

Sai mai kwamfutar ya ƙara da cewa da yawa daga cikin masu sana'ar su ma ba sa son shirin, suna tsoron a killace su. A nan kaina ya ɗaure. In na buga waya, na shiga sahu ɗaya da masu batsa. In ban buga ba, na yi shiru ana gina musu unguwa. Da Alhaji ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya wargaza shirin, kowa ya ce amin, ban da ni. Na shafa addu'ar dai, ina tsoron kada Allah ya karɓa alhali ba ita ce daidai ba.

A gida na faɗa wa matata. Ta ce, "Maigida, mutanen nan sun ma san kana duniya?" Amma damuwar ba ta sake ni ba. Ina goge gilashin mota ina juya ta, har maigidan filin ya tambaye ni ko lafiya.

Daga ƙarshe na buga wayar, lokacin hutun cin abinci, a tsakanin motoci. Wata mata ta ɗauka, ta tambaye ni goyon baya nake yi ko adawa. Da guntun Turancina na ce mata ni mai 'ya'ya ne, su duba su yi abin da ya fi alheri. Ta sake tambaya. Na maimaita. Ta yi godiya ta kashe.

Bayan wani lokaci aka ce an jingine shirin. Alhaji ya saya wa kowa lemo, ya ce wayoyinmu ne suka yi aiki. Na sha, ban san ko ina da rabo a ciki ba. Shekaru suka wuce, aka ce an amince da shi kuma. Mai kwamfutar ya ce an yanka unguwar, amma galibinsu ba su tashi daga tsoffin gidajensu ba, ƙarin ɗaki kawai suka samu.

Na tambayi Malam mai shago a wane ɓangare matar nan ta lissafa ni. Ya ce wataƙila ba ta lissafa ni ko'ina ba, kuma Allah niyya yake dubawa. Na ce ai niyyar ce ban san wadda na ɗaura ba. Ya dube ni, ya ƙara mini wake.