Kati Guda a Kwali na Shida

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, masani da wanda bai sani ba. A ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah Ya karɓi ran mijin ƙanwata, wanda masu sauraron rediyo suka sani da Malam Mai Kati, bayan jinyar mako uku a asibiti. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya biyar da jikoki goma sha ɗaya. Ƙanwata ce ta bugo mini waya. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Yaya, abokin gardamarki ya tafi." Na ajiye wayar, na kashe risho, na nemi wuri na zauna.

Yabo ba ɗabi'ata ba ce. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da kemistiri, sha huɗu daga ciki ina shugabar makarantar 'yan mata, kuma duk wadda ta biyo ta hannuna za ta shaida cewa maki bai taɓa fita daga birona da araha ba. Saboda haka, Malam, abin da zan rubuta a kanka a nan na auna shi, kamar yadda ka san ina auna komai.

Lokacin da ka zo neman ƙanwata kana ƙaramin akawu a banki, kana karatu ta wasiƙa. Na gaya wa mahaifinmu cewa yaron nan tambaya ta yi masa yawa. Mahaifinmu ya ce ai gara a haɗa shi da gidan da ke da ni, ko zai sami mai ba shi amsa. Daga banki ka koma jami'a, ka zama malamin ilimin tattalin arziki, sannan aka ba ka rabin awa a rediyo kowace Asabar. Shekara ashirin da biyu ka yi kana bayani a kan zuba jari, da binciken kimiyya, da halayyar ɗan Adam, da siyasar duniya. Ta bakinka mutane da yawa suka fara fahimtar yadda rikici a wani mashigin teku da ba su taɓa jin sunansa ba yake ƙara kuɗin burodi a bakin layinsu.

Masu irin wannan bayani suna da yawa. Katunan ne suka ware ka daga cikinsu. Ga wanda bai san su ba: duk lokacin da marigayin zai yi hasashe, sai ya ɗauki farin kati mai girman tafin hannu. A gaba ya rubuta kwanan wata, da abin da yake ganin zai faru, da dalilinsa, da kashi nawa cikin ɗari yake da tabbaci, da ranar da za a duba. Idan ranar ta zo sai ya juya katin ya rubuta abin da ya faru. In ya yi daidai, da baƙin biro. In ya yi kuskure, da ja. Yakan jera su a kwalayen takalmi a saman kantar littattafansa, kuma kowace Asabar da jajayen yake buɗe shirinsa.

Na tuna shekarar da ka ce wasu ƙasashe biyu maƙwabta ba za su gwabza yaƙi ba, ka ba abin kashi tamanin. Mako shida bayan nan aka fara harbi. Ranar Asabar ka karanta katin daga farko har ƙarshe, ka ce ka lissafa abin da kowane ɓangare zai rasa, ka manta da lissafa girman kan shugabanninsu. Mai gabatar da shirin ya so ya rufa maka asiri, ya ce ai masana da yawa sun faɗi haka. Ka ce, "Su ma su zo su karanta nasu."

Ba ka taɓa karɓar ko sisin kowa don shawara ba. Akwai benci a barandarka wanda ya ga direbobi, da teloli, da ma'aikatan jinya, da matan da mazajensu suka rasu suka bar musu kuɗin sallama. Ba ka cewa kowa saya ko kar ka saya. Kati kake miƙa masa, ka ce ya rubuta dalilin da ya sa yake son sa kuɗinsa a wurin, da abin da in ya faru zai janye, ya tafi ya dawo bayan mako guda. Wadda ba ta iya rubutu ba kai kake rubuta mata da bakinta, ka karanta mata ta ji. Wata mai sayar da yadi ta gaya mini a wurin gaisuwa cewa da ka karanta mata dalilinta, wato maƙwabciyarta ta saya, ita da kanta ta fashe da dariya ta fasa. Ka sha faɗa cewa yawancin asarar da ka gani a rayuwarka ba rashin ilimi ne ya jawo ta ba, tsoron kada a bar mutum a baya ne.

A fannin kimiyya kuwa ka san iyakarka. Kafin ka yi magana a kan wani sabon magani ko sabon batir sai ka bugo mini waya. In ka yi kuskure kuma na gyara ka, mako na gaba sai ka ce a rediyo, "Yayar matata ta ja mini kunne." Zan faɗi gaskiya, wannan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Shekara goma sha takwas da suka wuce wani kamfani ya zo da wata hoda mai tace ruwan rijiya, yana neman masu zuba jari, yana alƙawarin riba kowane wata. Ni ce shugabar ƙungiyar ajiya ta malaman makarantarmu. Ban yarda da takardunsu ba, na karɓi kwalba uku na kai ɗakin gwaje-gwajenmu. Kwana tara ina gwaji. Hodar tana aiki, kuma har yau ina nan a kan cewa tana aiki. Na kira taron malamai a zauren makaranta don mu zuba ajiyarmu a kamfanin, na gayyace ka, ina tsammanin za ka sa mini hannu.

Ka saurare ni har na gama. Sannan ka miƙe a gaban malamai arba'in da wani abu, waɗanda duk a ƙarƙashina suke, ka ce, "Yaya Shugaba, kin gwada kwalbar, ba ki gwada mutanen ba. Na je wurin da suka ce masana'anta ce, ko rufi babu. Ribar da suke biya daga ina take fitowa?"

Na ji idanu a kaina. Na ce, "Malam, ka tsaya a kan lissafinka ka bar mana kimiyya. Mutumin da sai ya bugo mini waya kafin ya bambance gishiri da alif ɗin tace ruwa, yau shi zai koya mini ruwa?"

Aka yi dariya. Ka murmusa, ka zauna. Aka kaɗa ƙuri'a, kuma kowa ya bi ni.

Wata goma sha ɗaya bayan nan muka tarar da kwaɗo a ƙofar ofishin kamfanin. Ajiyar shekaru ta tafi. Malamar ɗinki, wadda saura wata huɗu ta yi ritaya, ta zauna a ofishina tana ta murza bakin mayafinta. Na sayar da filina na mayar wa mutane abin da ya sawwaƙa, bai kai rabi ba, ban kuma nemi taimakon kowa ba. Ƙanwata ta zo da kuɗi a ambulan, na san daga inda suka fito, na mayar mata da su a jakarta.

Shekara guda cur ina kunna rediyo kowace Asabar ina jiran in ji labarina. Misali ne da duk wani malami zai so ya samu: masaniyar kimiyya da ta gwada kaya ta manta da masu kayan. Ba ka taɓa ambatarsa ba, ko da sakaye. Na ɗauke ƙafa daga gidanku kusan shekara biyu. Kai kuwa sai ka riƙa zuwa nawa, kullum da tambaya a hannu. "Yaya Shugaba, me ya sa ƙarfe ke tsatsa aluminiyam ba ya yi?" Na san ka san amsar. Nakan yi maka bayani, ka rubuta a kati kamar ɗalibi, ka sha ruwa ka tafi. A haka muka shirya. Amma cikin shekara goma sha takwas ban taɓa buɗe baki na ce maka kai ne mai gaskiya ba. Na yi niyya a asibiti, ranar Lahadin da ta zo kafin rasuwarka. Na tarar ɗakin cike da mutane, sai na gyara maka matashi na yi maka faɗa a kan rashin shan magani.

Bayan rasuwarka babbar 'yarka, wadda take lauya, ta zo da kwalaye tara a bayan mota. A murfin na farko ka rubuta da hannunka: "A kai wa Yaya Shugaba. Ita ba ta ƙara wa kowa maki." Ta shaida mini cewa ita da ƙannenta suna son a buga katunan a littafi, kuma mai buga littafin ya ba da shawarar a zaɓi baƙaƙen kawai, a sa wa littafin suna mai nuna cewa ka hango komai.

Ta ce, "Inna, kin san mutane. In suka ga jajayen nan za su ce Baba kame-kame yake yi. Ba ya nan balle ya kare kansa."

Na ce, "Da yana nan ma ai ba karewa yake yi ba, karantawa yake."

Ta ce, "Shi dai ke ya bar wa. Abin da kika yanke shi za mu yi."

Ban raina maganarta ba. 'Ya ce mai son a ga mahaifinta da kyau, kuma jajayen suna da yawa, sun kusa ɗaya cikin uku. Na ce ta ba ni mako biyu. Na share teburin cin abinci, na sa tabarau, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar takardun jarrabawa.

A kwali na shida na same shi. A gaba ka rubuta cewa kamfanin hodar zai rushe kafin shekara biyu, kashi casa'in. Kwanan watan na ranar taronmu ne. Hasashen ya tabbata, don haka baƙin biro ya cancanta. Da na juya sai na ga ja. Ga abin da ka rubuta, ban canza ko harafi ba:

"Ya rushe, amma kuskure ne. Aikina shi ne in hana asarar, ban hana ba. Na san halinta shekara ashirin da biyar. Da na same ta ita kaɗai a ofis da hotunan ginin, da ta janye da kanta. Na faɗa mata a gaban waɗanda take shugabanta, inda ba ta da hanyar komawa baya. Na so a ji ni. Malamar ɗinki ce ta biya."

Na karanta shi sau uku. Sannan na tashi na wanke kofuna biyu da ba su da datti.

Malam, mun yi gardama shekara arba'in da uku, ka yi haƙuri da guda ɗaya ta ƙarshe. Na duba wannan takarda kuma ban amince da makin ba. Gaskiya ne da ka same ni ni kaɗai wataƙila da na saurara. Amma babbar mace da aka damƙa wa amanar mutane arba'in ba ta da hujjar cewa sai an lallaɓa ta kafin ta ji gaskiya. Tambayarka ta shiga kunnena a zauren nan, na kuma gane nauyinta tun kafin ka zauna. Na zaɓi dariyar da aka yi. Ka ce a gaban jama'a ba ni da hanyar komawa baya, to ga shi a gaban jama'a nake faɗa, waɗanda suka fi na zauren yawa: kai ne mai gaskiya, ni ce na yi kuskure, kuma hakkin malamar ɗinki da sauran a wuyana yake. Waɗanda suke raye a cikinsu na bi su gida-gida a makon nan. Ita malamar ɗinkin ta riga mu gidan gaskiya, 'yarta na samu.

Game da littafin, na gaya wa 'ya'yanka hukuncina. Za a buga katunan duka, kuma jajayen ne za su zo a farko, kamar yadda kake buɗe shirinka. Wanda ya ga baƙaƙen kawai zai ɗauka duba kake yi, ya je ya nemi wani mai duban ya miƙa masa kuɗinsa. Wanda ya ga duka zai koyi yadda ake tunani, ya sayi katinsa. Babbar 'yarka ta karanta katin kwali na shida a tsaye, ta tambaye ni ko shi ma za a sa. Na ce shi ne shafi na ɗaya, kuma a ƙarƙashinsa za a rubuta ko wace ce shugabar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwata, wadda ta zauna da kai shekara arba'in da uku tana share ƙurar kwalayen takalmi ba ta taɓa jefar da ko ɗaya ba, da 'ya'yanka biyar da jikokinka, da ɗalibanka, da mutanen benci, waɗanda yanzu sai su riƙa ba kansu mako gudan da kake ba su. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya kasance mai ƙirga kurakuransa da kansa tun kafin a tambaye shi, har da waɗanda ba nasa ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Mu da muka rage Ka kyautata ƙarshenmu, Ka kuma ba mu ikon faɗin abin da ya kamata tun mai ji yana ji. Amin.